Muryar da Na Sa wa Lasisi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, ko ranar da aka ɗauke ni aiki sai na duba takarda nake tunawa. Amma abin da ya faru tsakanina da wani dattijo a Dutse Alhaji, a wata damina, ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Har yau idan matata ta zauna tana tsince wake a tire, tashi nake yi in bar mata falon. Ta ɗauka ƙyuyar taya ta ce, ni kuwa tsikar jikina ce ke tashi.

A lokacin ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata a nan Abuja. Ni mutum ne mai kafiya, wannan ko maƙiyina zai ba ni shaida. Abin da na kafe a kai kuwa shi ne manhajojin da masu su suka buɗe cikinsu, suka ce kowa ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Duk kwamfutar da ta shigo hannuna sai na yi wa mai ita wa'azin Linux, uwar irin waɗannan manhajoji, har abokan aikina suka laƙaba mini Liman. In sun hango ni da filasha a hannu sai kowa ya rufe kwamfutarsa ya rungume ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙananan situdiyoyin kiɗa na Mararaba da Dutse da kewaye. Kusan dukkansu da manhajar sata suke aiki. Mutum zai yi wata guda yana haɗa waƙa, rana ɗaya ƙwayar cutar kwamfuta ta cinye masa komai, ya zauna yana sallallami. Sai na ƙudura zan yi musu ƙunshi. Ƙunshi a wurinmu shi ne ka harhaɗa manhajar kiɗa da saitinta da duk abin da take buƙata ka ɗaure wuri ɗaya, yadda mutum zai ba da umarni guda komai ya zauna daram. Na ci wuya a kan saitin nan. Tsofaffin kwamfutocinsu, in ka danna fiyano sai ka gama hamma sannan sautin ya fito. Na yi watanni ina rage wancan, ina ƙara wannan, har yatsa da sauti suka daidaita.

Abu ɗaya ya rage mini: sautin kayan kiɗanmu. Manhajar ta zo da gangunan Turawa da jitocinsu, amma babu kalangu, babu goge, babu sarewa. Nan ne dattijon ya shigo labarin. Oga muke ce masa. Mutumin Filato ne, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, bayan ya yi ritaya ya buɗe ɗan situdiyo a ɗakin da ke gaban gidansa, kuma shi ke koyar da mawaƙan cocinsu. Shekaru ya yi yana ɗaukar sautin makaɗa ɗaya bayan ɗaya, da izininsu, yana ajiyewa. Matarsa ta rasu kamar shekara biyu kafin mu san juna, ban taɓa ganin ta ba sai a hoton da ke jikin bango. 'Yarsa guda ce ke tare da shi, ma'aikaciyar jinya, ita nake kira Sista.

Shi Injiniya yake ce mini, da tsokana. Bai taɓa yarda na taɓa masa kwamfuta ba. "Ka bar mini nawa yadda yake," in ji shi, "ni da shi mun tsufa tare." Amma da na yi masa bayanin abin da nake so, sai ya ɗauko wani faifan ajiya da Sista ta kwashe masa dukkan tsofaffin ayyukansa a ciki, ya miƙo mini. Ya ce, "Kayan kiɗa duka ka ɗauka. Yara su yi amfani da shi, ya fi ya ruɓe a durowa." Na rubuta 'yar takarda ya sa hannu, cewa ya yarda sautin kayan kiɗan su zama na kowa.

To, akwai masu aikin sa kai da ke tattara irin waɗannan manhajoji a intanet, su nake tura wa ƙunshi. Suna da ƙa'ida, kuma ƙa'ida ce mai kyau. Kowane fayil da ke cikin ƙunshi sai ka rubuta a takardar lasisi: na wane ne, wa ya ba da izini, da wane sharaɗi. Fayilolin Oga sun kai ɗaruruwa. Na fara rubutawa ɗaya bayan ɗaya, na gaji a na talatin. Akwai gajeriyar hanya da duk mai wannan aiki ya sani: ka sa alamar tauraro guda, ma'anarta duk abin da ke nan, sai ka rubuta suna ɗaya da lasisi ɗaya a ƙarƙashi. Haka na yi. Mai duba ƙunshin, wani bawan Allah a wata ƙasa da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuto yana tambaya ko na tabbata izinin ya shafi kowane fayil. Na amsa masa da e, har da ɗan jin haushin an raina mini hankali.

A cikin fayilolin akwai wani da aka sa wa suna gwaji. Ba kayan kiɗa ba ne, muryar mace ce, tana rera wani abu da baki a rufe, ba kalma ko ɗaya. Murya ce mai taushi da ɗan dishi-dishi a farkon kowane numfashi. Na ɗauka ɗaya daga cikin mawaƙan cocin ce. Tsawonsa ya kai minti uku, amma ni daƙiƙa ashirin na farko kawai na saurara, domin a nan na samu abin da nake so, inda ta ja sauti guda ta riƙe shi. Na yanko wurin, na shimfiɗa shi a kan fiyano, yadda duk maɓallin da ka danna da muryarta zai amsa. Na yi ta wasa da shi har na makara sallar la'asar. Daɗin da ya yi mini ya sa na saita shi ya zama shi ne farkon abin da mutum zai ji da zarar ya buɗe manhajar.

Abu ɗaya ne ya dame ni. A bayan muryar akwai wata 'yar ƙara, ƙas, sai jim kaɗan kuma ƙas. Na ɗauka saitina ne ke da matsala, na kwana biyu ina sauye-sauye, ƙarar tana nan. Na yi ƙoƙarin tace ta, sai muryar ta lalace. Daga ƙarshe na bar ta, na ce ai ba mai lura.

Ƙunshin ya karɓu fiye da yadda na zata. Na riƙa yawo da filasha ranakun Asabar ina saka wa masu situdiyo, su kuma suna saka wa abokansu, wasu suna saukewa daga intanet daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Kalangun ya yi musu, gogen ya yi musu, amma muryar nan ita ce ta tafi da su. A waƙar biki ita, a tallar shago ita. Idan na ji ta a hanya sai in ji kaina ya yi girma. A ofis har cewa nake, "Kun ji wannan? Aikina ne."

Kusan shekara guda bayan haka, wata Juma'a da hantsi, Sista ta kira ni. Muryarta a ƙasa. Ta ce, "Malam, don Allah in kana da lokaci ka zo ka ga Dadi. Yana jin maganarka. Ba shi da lafiya, amma ba ciwon jiki ba ne."

Na je washegari bayan azahar. Hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, garin ya yi duhu-duhu, iska ba ta motsi. Da na shiga situdiyon sai na tsaya a bakin ƙofa. Manyan sifikokinsa biyu an juya fuskarsu bango, an lulluɓe su da zannuwa. Rediyon da ba ya taɓa kashewa an zare masa waya an naɗe. Oga na zaune a tsakiyar ɗakin a kan kujerar roba, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da in ya yi dariya har maƙwabta ke ji, ya ɗago ya dube ni kamar bai tabbata ni ba ne.

"Injiniya, zauna," ya ce. "Kai mutum mai ilimi ne. Zan gaya maka wani abu, kar ka yi mini dariya."

Na zauna. Sista ta tsaya jikin ƙofa ta harɗe hannu.

"Maman yara tana waƙa."

Ban gane ba, na dubi Sista, ta sunkuyar da kai.

Ya ce farkon jin ta a tashar Jabi ne, ya je aika saƙo gida. Yana tsaye cikin hayaniyar 'yan kamasho sai ya ji ta, sarai, a cikin iska. Kafin ya gano ta inda take fitowa ta yi shiru. Ya ce wa kansa kewa ce. Bayan sati biyu ya sake jin ta a Mararaba yana cikin mota a cunkoso. Ya sauka ya bi shaguna yana leƙawa, mutane suna kallonsa. Daga nan kuma sai ta fara biyo shi unguwa.

"Abin da ya fi ba ni tsoro," in ji shi, "waƙan da take yi ba ta san su ba. Bayan ta tafi aka yi su. Wa ya koya mata?"

Na buɗe baki zan ce wani abu na lallashi, sai ya ɗaga hannu. Idonsa ya tsaya wuri ɗaya. Daga can ƙasan layi wata motar masu tallar maganin gargajiya ke tahowa a hankali da lasifika a kanta. Mai tallar yana jero cututtuka da ƙarfi, a ƙarƙashin maganarsa kuma akwai kiɗa, a cikin kiɗan akwai murya mai taushi tana hawa tana sauka. Na gane ta nan take. Muryar ƙunshina ce. Sai dai ban taɓa jin ta a irin wannan ɗaki ba, da sifikoki a lulluɓe, da hoton matar a bango tana kallon mu.

Oga ya kamo hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau. Ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron kar ta ji shi.

"Ka ji ta? Saurara da kyau. Ka ji waken? Tana tsince wake. Yana faɗawa a tire."

Ƙas. Jim kaɗan, ƙas.

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan sanyi daga ƙeya har gadon baya. Ƙarar da na kwana biyu ina zargin saitina a kanta, ashe wake ne.

Sista ta ce, "Dadi, talla ce fa. Maganin basir suke sayarwa." Ita ba ta ji mahaifiyarta a ciki ba, domin muryar da ta sani ta lafiya ce, kuma wannan an ja ta sama da ƙasa a kan fiyano. Oga bai ko kalle ta ba, ni yake kallo.

"Injiniya, kai ma ba ka ji ta ba?"

Wannan wurin ne nake jin kunyar faɗa, amma in na ɓoye shi labarin bai da amfani. A cikin ɗan lokacin nan na tuna sunana da ke kan ƙunshin, na tuna tauraron da na sa, na tuna e ɗin da na rubuta wa mai dubawa, na tuna yadda nake bugun ƙirji a ofis. Sai na ji bakina ya ce, "Talla ce kawai, Oga."

Ya saki hannuna a hankali. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To."

Sista ta raka ni waje, an fara yayyafi. Ta ce ta riga ta yi magana da likitan ƙwaƙwalwa, ranar Litinin za ta kai shi. Ƙanensa kuma zai zo daga gida ya tafi da shi ƙauye ya huta, a rufe situdiyon. A coci ma an karɓe koyar da mawaƙa daga hannunsa, tun ranar da ya tsayar da su ana tsakiyar waƙa ya ce kowa ya yi shiru. Ta roƙe ni in zo in taya ta kwance kayan, tunda ni na san kansu. Na ce mata to, Allah ya ba shi lafiya. Na shiga mota na tafi.

Da na isa gida ruwa ya kece. Iyalina sun tafi bikin suna a Kubwa, gidan ba kowa, an kuma ɗauke wuta. Ko takalmi ban cire ba na buɗe kwamfuta, na nemo ainihin fayil ɗin nan mai suna gwaji, na sa hedifon, na kunna shi daga farko. A raina ina ta addu'ar Allah ya sa kuskure ne, Allah ya sa wata ce daban.

Muryar ta fara. Yanzu da na san abin da nake ji, komai ya fito fili. Ga waken yana faɗawa a tire. Ga zakara can nesa. Ga numfashinta yana ɗan sarƙewa. Ta wuce wurin da na yanka, ta ci gaba, ta yi tari, ta sake ɗauka. Sai kawai ta yi shiru. Waken ma ya tsaya. Ina jin numfashinta a cikin kunnena kamar tana zaune a gefena.

"Wa ke nan?"

Na waiga. Na rantse da Allah na waiga, ni kaɗai a falona, ko magariba ba ta yi ba.

"Kana ɗauka ne?"

Sai dariyar namiji ta biyo baya, dariyar Oga irin ta da. Ya ce gwaji ne kawai, sabon makirufo ya saya.

Ta ce, "Kashe shi. Wannan murya ba nawa ba ne, na ciwo ne. Ka goge. Ba na so kowa ya ji ni haka."

"Zan goge."

"Yi mini alkawari."

"Na yi alkawari."

Fayil ɗin ya ƙare. Na duba: tsakanin inda na yanka da inda ta yi maganar bai kai minti biyu ba. Amsar tambayar da mai dubawa ya yi mini tana cikin fayil ɗin tun farko, daga bakin mai muryar, ni ne ban tsaya na ji ba. Matar ta ce kar kowa ya ji, ni kuma na rubuta a takarda cewa kowa a duniya yana da izinin ji, da kwafa, da sayar da maganin basir da ita. Na kuma gane abin da ke cin Oga. Ba fatalwa kawai yake tsoro ba. Yana ganin alkawarin da bai cika ba ne ya taso ta.

Na zauna a wurin har ruwan ya tsaya. Shaiɗan bai bar ni haka ba. Ya ce mini in cire muryar daga ƙunshin shiru, ba wanda zai sani, a hankali za ta ɓace. Amma Litinin jibi ce, kuma mutumin da ya ba ni amanar aikin rayuwarsa za a kai shi a rubuta masa cewa kansa ya taɓu, alhali kunnensa ya fi na kowa lafiya.

Ranar Lahadi na jira har aka taso daga coci. Na ɗauki kwamfutata da ɗan ƙaramin fiyano na tafi. Na tarar Sista ta fara haɗa masa kaya a jaka. Ban tsaya dogon gaisuwa ba don kar zuciyata ta karye. Na ajiye kayan a kan tebur, na haɗa, na ce, "Oga, jiya ƙarya na yi maka. Na ji ta. Ka danna nan."

Ya dube ni, ya dubi fiyanon. Ya miƙa yatsa ɗaya ya danna.

Muryar ta cika ɗakin. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ta yi shiru. Ya sake dannawa, ta amsa. Ya danna na kusa da shi, ta hau sama kaɗan. Ƙas. Ya tsaya yana kallon yatsansa.

Na yi musu bayani tun daga tauraron har zuwa motar masu magani, ban rage komai ba. Sannan na kunna musu ainihin fayil ɗin. Sista tana tsaye da rigar mahaifinta a hannu, fuskarta a ɗaure, har aka zo wurin da matar ta ce wa ke nan. Rigar ta faɗi. Ta ce, "Momi," ta zauna a ƙasa inda take.

Da ta samu bakin magana ni ta juyo wa. "Jiya kana zaune a nan. Ya riƙe hannunka ya tambaye ka. Ka bar ni ina shirin kai ubana asibitin mahaukata."

Oga ya dubi hoton da ke bango. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "To ba ni da hauka." Ya share fuska da tafin hannu. Ya ce shi a zatonsa fayil ɗin yana cikin wani tsohon faifai da ya kulle a akwatin marigayiyar, bai san Sista ta kwafe shi tare da sauran ba. Ya ce sau da yawa ya ɗora yatsa zai goge ya kasa, tun tana raye. Bayan ta rasu kuma bai iya saurara ba, bai iya gogewa ba.

Ya ɗago ya ce, "Injiniya, goge shi."

Na ce zan goge nawa yanzu, zan kuma cire shi daga ƙunshin.

"Na sauran mutane fa? Guda nawa ne?"

"Ban sani ba, Oga."

"A ina suke?"

Na ce masa ko'ina. Na ce masa irin lasisin da na sa an yi shi ne musamman don kar wani ya iya dawo da abin da ya bayar, wannan ne ma abin da nake yabonsa a kai kullum. Gaskiya ne izinin da na rubuta ba shi da tushe, tunda ba ni da hurumin bayarwa, amma wannan magana ce ta takarda. Waƙoƙin da aka riga aka yi suna cikin wayoyin mutane.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ni na ƙi gogewa don kar in rasa ta. Kai ka raba ta wa duniya. Yanzu ni da kai, wa zai iya cika mata alkawari?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya sa aka ɗauko faifan ajiyar da na riga na mayar masa, da tsohon faifan cikin akwati. Sista ta riƙe masa hannu tana kuka, ta ce ya bar mata ko kwafi ɗaya, ba ta da wani abu mai maganar mahaifiyarta na ƙarshen rayuwarta. Ya ce, "Kin ji abin da ta ce." Ya yarda aka sake kunna mata sau ɗaya. Muka saurara mu uku har ƙarshe. Sannan shi da kansa ya goge, faifai bayan faifai, har da na kwamfutata. Da ya gama ya tashi ya yaye zannuwan da ke kan sifikokin, ya ninke su, ya miƙa wa 'yarsa.

A ranar na rubuta wa masu aikin sa kai gaskiyar abin da na yi. Ba su yi mini faɗa ba, suka janye ƙunshin nan da nan, mai dubawar nan kuma ya rubuto layi ɗaya yana cewa a miƙa ta'aziyyarsa ga iyalin. Wannan ya fi faɗa zafi. Na yi watanni ina bin situdiyoyi da filasha, wannan karon ina roƙo a cire. Yawancinsu da sun ji labarin sai su yi salati su ce in cire. Wani a Mararaba ya ce shi zai cire, amma tallar da ya yi wa masu magani ta riga ta shiga motoci, sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ba a kai Oga asibiti ba, ba a rufe situdiyon ba, ya kuma koma gaban mawaƙansa. Da na ce zan watsar da ƙunshin gaba ɗaya sai ya hana. Ya ce yara suna buƙata, a sake shi yadda ya kamata. Muka yi Asabar da yawa ni da shi muna sauraron fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kowanne har ƙarshensa, yana gaya mini wanda ya kaɗa da inda aka ɗauka, ina rubutawa layi-layi. Ko sarewa ce ta yi shiru, ba ya bari in tsayar sai ya ga fayil ɗin ya ƙare. Sista kuwa ta fi shekara kafin ta sake amsa gaisuwata da fara'a, ban kuma ga laifinta ba.

Har yanzu ina kan aƙidata, har yanzu Liman ake ce mini. Amma na koyi cewa ba za ka yi kyauta da abin da ba naka ba, kuma izinin mai faifai daban, izinin mai murya daban. Tun daga ranar ban sake sa tauraro a takardar lasisi ba, ban kuma sake cewa e a kan abin da ban saurara har ƙarshe ba.

Watan jiya na je tashar Jabi ɗauko baƙo. Ina tsaye a rana, daga wata tsohuwar lasifika a shagon mai cajin waya, sai ga ta, tana rera waƙar da ba ta taɓa sani ba, waken yana faɗawa a tire. Mutane suna ta wucewa, ba wanda ya waiga. Na je na roƙi mai shagon ya kashe, ya dube ni kamar wani taɓaɓɓe, amma ya kashe. Na ce a raina, Mama, ki yi haƙuri, an rage guda ɗaya.